An Riga An Faɗa a Coci

Gonin Gora, Kaduna

Saratu uwata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin sauka Abuja lafiya, kin tarar da gwaggonki Rahila da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a kan wannan hanya, ya kuma tsare ki a kan waɗanda ke gabanki.

Bayan gaisuwa, a matsayina na maigidan nan, wanda har yau ba a tsige shi ba, ina sanar da ke a hukumance cewa kin tafi da cajar wayata. An gudanar da bincike. An ɗaga kujeru, an zazzage kwandon wanki, an tuhumi Mamarki, ta kare kanta da kyau. Tata cajar ba ta shiga wayata, ta maƙwabta kuwa ba zan roƙa ba, ina da sauran mutunci a layin nan. Wayar ta mutu. Saboda haka kin jawo wa kanki wasiƙa. Da a waya ne, ina kaiwa tsakiyar magana za ki ce sabis ya ɗauke. Takarda ba ta ɗaukewa. Zan aiko miki da ita ta hannun direban da ya saba kai wa gwaggonki doya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Raina a ɓace yake, Saratu, kuma ba don caja ba. Tun ranar da muka tsaya a bakin titi muna jiran motarki nake tauna maganar da kika faɗa mini. Na tambaye ki, "To, wacce kika zaɓa?" Kika gyara jaka a kafaɗa, kika kalli masu gasa masara a tsallaken titi, kika ce, "Baba, ai an riga an faɗa a coci." Mota ta zo, kika shige. Na tsaya a wurin har wani ɗan acaɓa ya tambaye ni ko lafiya.

Bari in jera abin yadda na fahimce shi, in na yi kuskure ki gyara mini. Kin karanta lissafi a jami'a, kin gama bautar ƙasa, kika ce kina son digiri na biyu a lissafin harkar kuɗi, wato a koya miki yadda ake auna kasada a bankuna da kasuwar hannun jari, da lissafi da kwamfuta. Makarantu biyu suka ba ki gurbi. Ta farko tana Turai, a ƙasar sanyi, karatun shekara ɗaya ne, kuma ba za mu iya biya ba sai an sayar da filin Mamarki na Mahuta. Ta biyu tana kudancin Afirka, shekara biyu, sun yafe miki kuɗin makaranta, sun kuma ce za ki riƙa taimaka wa malamai a aji su ba ki abin da za ki ci. Takardar Turai ce ta fara zuwa. Aka karanta sunanki a sanarwar coci, mako na gaba aka yi godiya. Sai ga takarda ta biyu, suna jiran amsarki kafin watan nan ya ƙare. Ke kuwa kin kama hanyar Abuja neman bizar Turai, waɗancan ko amsa ba ki ba su ba.

Kuma hujjarki, ke da kika yi shekaru ana koya miki yadda ake kafa hujja, ita ce an faɗa a coci.

Me aka faɗa a coci? Ina wurin, a bencin da na saba. Sakatare ya miƙe da gilashinsa a ƙarshen hanci, ya karanta cewa ranar Laraba akwai sharar haraba, an tsinci ɗankunne ɗaya a wajen mawaƙa mai shi ta zo ta karɓa, sannan 'yarmu Saratu za ta Turai karatun kuɗi. Aka yi guɗa. Iyakar wahayin ke nan, tsakanin tsintsiya da ɗankunne. Ranar godiya kuma zumuntar mata suka fito da tulunansu na kiɗa, shugabarsu Mama Jummai a gaba, suka raka ki da rawa har gaban bagadi. Mama Jummai ta rungume ki ta ce, "Yarinyar nan za ta koyo yadda ake buga kuɗi, ta dawo ta buga mana sababbi fil!" Na buɗe baki zan yi mata bayani, Mamarki ta taka mini ƙafa. A waje, kawunki Yohanna ya riƙe hannuna yana girgizawa kamar ni aka ba gurbin, yana cewa, "Turai Turai ce, Bitrus, ko shara mutum zai je yi." Yohanna, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Lokoja ce, ita ma biki ya je. Da labarin makaranta ta biyu ya kai masa, cewa ya yi, "Afirka kuma? To mu nan ina muke?"

Waɗannan su ne alƙalan da kike tsoro. Ina ƙaunarsu, kada ki ji ni ba daidai ba. Sun tsaya mana lokacin rasuwar kakarki, sun dafa, sun kwana a tabarma. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da zai zauna a aji a madadinki, babu wanda zai ji sanyin can a ƙashinsa, kuma kafin a yanke geron bana wani yaron zai sami aikin kwastan, a yi masa tasa rawar, a manta da taki.

Ba zan ba ki labarin gida ba, babu wani labari, kaji suna nan. Labarin wautata zan ba ki. Na tara ta da yawa, kuma ita ce kaɗai dukiyar da zan iya raba muku tun ina da rai.

Da na gama sakandare tarihi nake so in karanta, har ina da takardar shiga kwalejin horon malamai a hannu. Sai wani ɗan garinmu da ke aiki a Kaduna ya zo hutun Kirsimeti da tallar wata makarantar kuɗi a jarida. Suna ba da difloma a "Gudanar da Manyan Masana'antu". Kakanki ya sa aka fassara masa sunan, ya ce a maimaita, aka maimaita. Ya ce, "Wannan ai karatun manya ne. Malaman makaranta kuwa ga su nan, mu ke ba su doya." Ni ma sunan ya shige ni, na ga kaina a kujera mai juyi. Ban tambayi abin da ake koyarwa ba, ban tambayi mai koyarwar ba. Na zo na tarar da ɗakuna a saman wani shagon taya, da kekunan rubutu waɗanda rabinsu sun mutu. Buga wasiƙa da jera fayil aka koya mana. Babbar masana'antar da na gudanar a rayuwata ita ce siton wata masaƙa a Kakuri, ina karɓar bandir ɗin atamfa ina fitarwa, har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo. Tarihin nan da nake koyarwa yanzu sai da na yi furfura na koma na karanta shi, a aji ɗaya da sa'o'in ƙannena.

Don haka kada ki sayi suna. Ki karanta jerin darussan. Ni na karanta, na makarantun biyu, da ƙamus a gefe. Ta Turai akwai darasin jagoranci a duniyar kuɗi, akwai na iya magana a gaban manya, akwai ziyarar gani da ido zuwa ginin kasuwar hannun jari, wato za a zuba ku a bas a nuna muku bene. Lissafi kuwa darasi ɗaya na gani, sunansa "gabatarwa". Gabatarwa! Ke za a gabatar wa lissafi? Ku da kuka kwana ɗaki ɗaya tun kina aji uku? Ta biyun kuwa ko da ƙamus ban gane rabin sunayen ba. Na dai tsinci lissafin yiwuwar aukuwar abu, da lissafin farashin da ke hawa da sauka ba bisa tsari ba, da rubuta wa kwamfuta umarni, sannan a watannin ƙarshe a tura ki banki ko kamfanin inshora ki yi aiki a kan matsala ta gaske. Da na nuna miki wannan jerin, ke da bakinki kika ce, "Baba, wannan shi ne abin." Ba ƙirƙira na yi ba, Mamarki na zaune tana tsince wake.

Ki kuma tuna yadda kowacce ta karɓe ki. Ta biyun sai da suka yi miki jarrabawar da ta sa kika daina cin abinci, sannan wata farfesa ta kira ki ta bidiyo ta yi ta jefo miki tambayoyi. Kika fito daga ɗaki kina dariya, kika ce ta kayar da ke a ta ƙarshe. Kika zauna a baranda da takarda har tuwo ya huce, kika warware, kika aika mata amsar duk da ba ta ce ki aiko ba. Ban taɓa ganin wanda aka kayar yana murna haka ba. Ta Turai me suka tambaye ki? Takardar banki. Ita suka yi wa jarrabawa, ita ta ci, ke rakiya za ki yi mata.

Ba na ce makarantar ƙarya ce ba. Wataƙila tana da amfani ga yaron da ubansa ke da kujera a banki tana jiransa, yana buƙatar takarda mai tambari da hoto a cikin dusar ƙanƙara. Ke ubanki alli yake da shi.

Kin tuna ranar da na raka ki ofishin dillalin da ya nemo miki gurbin? Bene, iska mai sanyi, bango cike da hotunan Turawa suna zaune a ciyawa suna dariya, ban san abin da aka faɗa musu ba. Yaron ya sha turare har idona na ruwa, kuma ya mai da ni ubansa tun daga ƙofa.

Na ce, "Wane irin lissafi za su koya mata?"

Ya ce, "Dadi, komai da komai."

"Waɗanda kuka tura bara, ina suke aiki yanzu?"

"Dadi, duk suna can suna jin daɗinsu."

"Haɗa ni da mutum ɗaya in gaishe shi."

"Haba Dadi, ai sirri ne."

"To kai a ina ka yi naka karatun?"

Ya ce bari ya kawo mana ruwa. Kika yi ta zungurina a ƙarƙashin tebur, a mota kuma kika ce na ba ki kunya. Na ba ki kunya! Yaron nan la'adarsa yake nema, ban ga laifinsa ba, kowa da sana'arsa. Amma dillalin shanu ma a kasuwa yakan bari ka buɗe bakin saniya ka duba haƙora.

Wauta ta biyu kin ɗan san ta, kina firamare a lokacin. Da aka rufe masaƙa aka ba mu abin da aka ba mu na sallama. Shekarun nan ne da kowa ke sayen hannun jarin bankuna, har masu faci suna maganar farashi. Wani dattijon ikilisiya ya tashi ya ba da shaida ranar Lahadi cewa Ubangiji ya ninka masa jarinsa, ya ɗaga makullin mota muka tafa. Ni da nake karanta jarida tun daga shafin farko har tallar mutuwa, ni da nake gyara wa mutane Turanci, washegari na je na bi layi. Na zuba duka. Tambaya ɗaya ce ban yi wa kaina ba: in abin ya juya, me zai rage mini? Ya juya. Abin da ya rage mini takardu ne masu ado a gefe, suna nan a ƙasan akwati, da shekarar da Mamarki ta ciyar da gidan nan ita kaɗai ba ta taɓa goranta mini ba, abin da ya fi gori zafi.

Ban taɓa gaya miki ba, amma ranar da kika ce wannan fannin kike so, na ji daɗi har na fita waje don kada ki gani. Na ce a raina, yau gidan Bitrus zai sami mutum ɗaya da ya iya tambayar da ni ban yi ba. Sai ga shi aikin farko da aka ba ki, na auna kasadar rayuwarki ke kanki, kin miƙa wa zumuntar mata su yi miki da tulu.

To, yi lissafin, ai sana'arki ce. Kada ki fara da in abin ya yi kyau, wannan Yohanna ya riga ya yi mana. Fara da in ya lalace. Kin je Turai, shekara ta wuce kamar ƙiftawar ido, rabinta kina neman ɗaki da rigar sanyi, kin fito neman aiki tare da waɗanda suka yi lissafi na gaske, ba a ɗauke ki ba, biza ta ƙare. Me ya rage? Hoto. Fili ya tafi. Yanzu ɗauki ta biyun, ita ma ki lalata ta yadda kike so: garin bai yi miki ba, abincinsu ba yaji, farfesar nan ta zame miki ƙaya. Me ya rage? Kin dawo da abin da kika koya a ka, fili yana nan, kuma Turai ba ta gudu ba, in kin iya aikin su za su neme ki. Ni malamin tarihi ne, in akwai inda na ɓata a wannan lissafi ki nuna mini, zan karɓa. Amma ki nuna mini da alƙalami, ba da sanarwar sakatare ba.

Wauta ta uku ita ce babba, kuma a cikinta kika girma.

Muna haya a unguwar Television lokacin, ɗaki biyu, mai gida yana ƙara kuɗi duk lokacin da ya yi mafarki. Na sami fili a nan Gonin Gora, da rani na zo na gani. Shimfiɗaɗɗe, fili mai faɗi, ƙasa a bushe ƙamas, ga araha. Ban jira damina ba. Kafin a haƙa ko rami ɗaya na gayyaci Rabaran da dattawa da zumuntar maza da ta mata, a zo a keɓe wuri. Aka yanka akuya, aka dafa shinkafa, aka kafa rumfa. Rabaran ya zaga kusurwa huɗu yana addu'a muna amin. Na yi jawabi, har da tarihin mallakar ƙasa a Arewa, mutane suna hamma ina ci gaba.

Ruwan farko ya sauka muna cikin haƙa harsashi. Na zo da safe na tarar da ramukan sun cika, kwaɗi sun riga ni tarewa. Ruwan duk unguwar nan ta kan filina yake bi ya gangara rafi. Mutumin da ya sayar mini, Allah ya ba shi lada, mai tsoron Allah ne. Ya zo da kansa ya ce, "Malam Bitrus, ni ma ban san haka yake ba, gado ne. Akwai wani can sama a kan tudu, bai kai wannan girma ba, in kana so mu yi musaya." Mamarki ta ce, "Karɓi." Kin san abin da ubanki ya ce, mai karatu, mai gyara wa mutane Turanci? Na ce, "Ai an riga an yi addu'a a kan wannan."

Ba addu'ar nake ji ba, Saratu. Rumfar nake ji, da jawabin, da fuskar Yohanna in ya ji cewa Bitrus ya sayi tafki. Na ƙara bulo, na ƙara ƙasa, na gina.

Sauran kin sani. Kin san yadda muke ɗora kujerun falo a kan bulo duk watan Agusta. Kin san inda ruwa ya yi wa bango zane, mun shafa fenti ya sake fitowa. Littattafanki na sakandare a kan rufin kwano muka shanya su, ɗaya har yau shafukansa a manne suke. Tarin da Mamarki ke yi duk damina daga ɗakin nan ta samo shi. Cikin waɗanda suka ci shinkafar keɓewa, ban ga wanda ya zo da bokiti ba, kuma ban ga laifinsu ba, ba su suka ce in gina ba.

Bayan shekaru, Rabaran ɗin ya yi ritaya, na kai masa gaisuwa. Muna hira na ba shi labarin, ina tsammanin zai yaba mini da riƙon alkawari. Tsohon nan ya yi dariya har ya share hawaye da hularsa. Ya ce, "Malam Bitrus, ai da ka kira ni na sake yin wata a kan tudun. Addu'a ƙarewa take yi?" Sannan ya tambaye ni wai a wace unguwa ma filin yake. Bai tuna ba. Na zauna cikin ruwa shekara da shekaru don kada in kunyata a gaban mutumin da bai ma tuna ba.

Shi ya sa da kika buɗe baki a bakin titi na ji muryata ta fito daga bakinki, na ji kamar in kama motar da hannu. Na so ki gaji karatuna, ko tsayina. Ban ce ki gaji wannan ba.

Kuma ga abin da ya fi ƙona mini rai. Filin Mahuta a kan tudu yake. Mamarki da adashe ta saye shi, tana aikin jinya, tana tsayuwa har ƙafafunta su kumbura. Takan je ta tsaya a kai bayan an yi ruwa, don kawai ta ga ƙasa a bushe. Can muke nufin komawa in Allah ya yarda. Alhajin da ke son saye yana ta aiko mata, ita kuma ta riga ta ciro takardun ta ajiye a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. Na ce ta dakata, ta ce, "Ƙasa ce fa, Baban Saratu. 'Yata ta fi ƙasa." Za ta sayar, ba za ta yi kuka a gabanki ba, za ta ma yi anko ta raka ki filin jirgi. In don abin da kike so ne, ni ma zan riƙe mata biro ta sa hannu, in ci gaba da ɗora kujeru a bulo har in mutu, ba komai. Amma ki bar ta ta sayar don abin da ke kanki ba kya so, saboda kina jin nauyin Mama Jummai? Wannan ban yarda ba. Ba ladabi ba ne, ko da ya yi kama da shi.

Na san akwai maganar ambulan da aka ba ki ranar godiya, kina ganin kin ci kuɗin mutane. Na duba su, babu wanda aka rubuta "Turai kaɗai" a bayansa. Karatu suka taya ki murna, karatu za ki. Wanda ya ce a mai da masa nasa, ni zan kai masa har gida da lemo.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ba sai kin gama jin haushina ba. Kada ki ba makarantar Turai kuɗin kafin alƙalami tukuna, komai kiran da yaron turaren zai yi miki, zai ce gurbi zai ƙare, ba zai ƙare ba. Ki rubuta wa makarantun biyu da kanki, ba ta hannun kowa ba, ki ce su haɗa ki da waɗanda suka gama, musamman 'yan ƙasarmu. Ki tambaye su aikin da suke yi yanzu, da tsawon zaman da suka yi kafin su samu, da abin da suka yi da-na-sani a kai. Wadda ta haɗa ki da mutane, kin ga alama. Wadda ta aiko miki da ƙarin hotunan ciyawa, ita ma kin ga alama. Ki tambayi farfesar nan kai tsaye abin da za su ba ki ko zai ishe ki haya da abinci, kada ki ji kunya, kunya ce ta kawo mu nan. Gwaggonki za ta sa baki, ita ma tana son ta ce 'yarta na Turai. Ki ce mata "to, Gwaggo," ki ci abincinta, ki yi abin da ke gabanki. Kuma ko me ake ciki, kada watan nan ya mutu ba ki amsa wa mutanen kudu ba. Sun yi miki tambaya ta mutunci, ki ba su amsa ta mutunci.

In kin yi duk wannan, kin zauna kin auna, kika dawo kika ce, "Baba, Turai ce, ga dalilina," zan saurara, zan yi gardama don hali ne, sannan in ɗauki akwatinki a kai. Dalili nake nema, uwata. Naki, ba na rumfa ba.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da mugun abokin tafiya, da mai zaƙin baki. Ya ba ki lafiyar jiki da natsuwar zuciya, ya sa ki kwana inda ruwa ba ya shiga. Ya dawo mana da ke lafiya, daga ko'ina ne. Amin. Ki gaishe da gwaggonki da maigidanta.

Babanki,
Bitrus

Na ba Mamarki ta karanta kafin in liƙe. Ta ce na zagi sakatare, na zagi zumunta, na zagi ɗan'uwanta da yaron mutane, amma ban rubuta wanda ya ɗauki takardar Turai ranar Asabar, kina kasuwa, ya hau acaɓa ya kai wa sakatare har gida ba. Ni ne. Ban tambaye ki ba, murna ta ɗebe ni, kuma ban kyauta ba. Ranar Lahadi ni zan miƙe bayan sanarwa in ce mun yi gaggawa, Saratu ba ta zaɓa ba tukuna. Su kalle ni, na saba. Ke dai ki zaɓa.